Kowa Koci Ne Bayan An Tashi Wasa

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa da suka aza harsashin wannan tafiya, shugabannin rassa na ɓangarorin iyaka biyu, iyayenmu mata 'yan kasuwa, direbobi da dillalai da 'yan dako, da baƙinmu da suka taso daga nesa, muna yi muku barka da zuwa. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ma'aji ya karanta mana shige da ficen kuɗi, shugaba kuma ya yi bayanin inda aka kwana a kan sauran al'amura. Mu a ofishin magatakarda, dattawa sun ɗora mana wani batu da wasu za su ji kamar wasa, wato gardamar ƙwallo. Ga dalilin. A littafin sulhu na bana akwai saɓanin da ba bashi ya kawo shi ba, ba la'ada ba, ba ɓatan kaya ba. In aka bi shi har tushe, sai a tarar ya faro ne daga wasan ƙarshe na kofin nahiyar Afirka tsakanin Najeriya da Kwaddebuwa. Akwai mutanen da suka daɗe suna haɗa kaya a mota ɗaya su raba kuɗin, yanzu kowa na neman tasa motar yana biyan kuɗi cikakke, saboda maganar da aka faɗa a kan wani ɗan wasa da bai san da zamansu ba. Abin da ya taɓa aljihun membobi kuwa ya zama batun ƙungiya.

Mu tuna halin da muke ciki a lokacin. Bayan sauyin mulki na ranar 26 ga Yuli 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO, ta sanya takunkumi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar. Ba sai mun ba ku labari ba, ku kuka ga layin manyan motoci a Jibiya da Ɗan Isa, da Illela da Birnin Ƙonni. Ranar 28 ga Janairu 2024, ana tsakiyar gasar, Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu. Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ranar 22 ga Maris, muna cikin azumi. Wato dai an kalli wannan gasa ne da zukata a cike, jari a tsaye, wasu da janareta, wasu a gidan kallon unguwa, kowa a nasa ɓangaren. Da aka sake haɗuwa bayan fiye da wata bakwai, kafin a gama jajanta wa juna asara, an riga an shiga maganar koci Peseiro.

Ga abin da ya faru a filin, don waɗanda ba su kalla ba su bi mu. Daren Lahadi 11 ga Fabrairu, a filin Alassane Ouattara da ke bayan garin Abijan, William Troost-Ekong ya ci wa Najeriya da ka a minti na 38, aka tafi hutun rabin lokaci a haka. Da aka dawo, Franck Kessié ya farke a minti na 62, shi ma da ka, daga bugun kwana na Simon Adingra. A minti na 81 Adingra ya sake tsallake Ola Aina ta gefen hagu ya jefo ƙwallo, Sébastien Haller ya taɓa ta ta shige. Aka tashi biyu da ɗaya. Kwaddebuwa ta ɗauki kofinta na uku, bayan na 1992 da na 2015. Najeriya ta tsaya a ukun da take da su, na 1980 da 1994 da 2013.

Daga wannan dare zuwa yau, mun saurari gardamar a ofis, a tasha, a bakin shago, har a wurin ta'aziyya. In aka tattara ta, kashi huɗu ce.

Kashi na farko na cewa laifin koci ne, shi ya ɗaure 'yan wasa. Ya jera mutum uku a baya, ga biyu a gefe suna komawa taya su, da aka ci ɗaya kuma sai kowa ya koma gida yana jiran lokaci ya cika. Kashi na biyu na cewa a zaɓen 'yan wasa aka yi ɓatan kai: me ya sa aka ajiye Moses Simon a benci aka fara da Samuel Chukwueze, alhali da Simon aka zo har nan? Kashi na uku, kuma shi ya fi zafi a nan wajenmu, na cewa an wulaƙanta Ahmed Musa, kyaftin guda, aka gama wasa bakwai bai taka fili ko na minti ɗaya ba. Kashi na huɗu ba ruwansu da koci, sunan mutum suke kamawa: wannan ya ce Alex Iwobi, wancan ya ce Aina, wani ya ce Victor Osimhen, gwarzon Afirka na 2023, da ya gama gasa da ƙwallo ɗaya tak.

Kowane kashi yana da abin kamawa, ba mu zo mu ce wani ya yi shirme ba. Sai dai aikinmu ya koya mana wata tambaya da muke yi wa duk wanda ya kawo ƙara: wannan magana taka, yaushe ka faɗe ta, kafin abin ya faru ko bayan ya faru? Mu gwada wannan tambaya a kan kashi huɗun nan.

Tsarin mutum uku a baya ba daren ƙarshe aka ƙirƙiro shi ba. Bayan kunnen doki da Ikwatoriyal Gini a wasan farko, da shi aka doke Kwaddebuwa ɗin nan ɗaya da nema ranar 18 ga Janairu. Aka doke Gini Bisau, aka ci Kamaru biyu ba ko ɗaya, aka ci Angola, aka fitar da Afirka ta Kudu a bugun fenareti a Buwake. Kafin wasan ƙarshe, ƙwallo biyu kawai aka zura wa Najeriya a wasa shida. A waɗannan makonni, wa muka ji yana cewa a sauya tsari? Abin da muka ji shi ne an samu koci mai lissafi. Dabarar da aka yi wa kirari ranar Laraba ita aka zaga ranar Lahadi, kuma bakin da ya yi kirarin shi ya yi zagin. Akwai 'yan kaɗan da tun wasan Angola suke cewa yaran nan za su gaji, domin kusan mutanen nan ne ke ta bugawa ba hutu, ga kuma ƙarin lokacin da aka yi da Afirka ta Kudu kwana huɗu kafin wasan ƙarshe. Waɗannan mun ji su da kunnenmu, kuma su ne ke da bakin magana yau.

Maganar Simon da Chukwueze gardama ce ta gaskiya, irin wadda masu sanin ƙwallo kan yi. Simon ya fi dawowa taya 'yan baya, Chukwueze ya fi shiga da ƙwallo da ƙafar hagu. Koci ya zaɓi ɗaya, bai ga abin da yake nema ba, ya sako Simon ba da jimawa ba bayan hutu. Amma ku lura, ƙwallaye biyun duka bayan shigowar Simon suka shiga. Wanda ya ce da an fara da shi da an ɗauki kofi, ya faɗi abin da ba shi da hanyar tabbatarwa, mu ma ba mu da hanyar ƙaryata shi.

Mu zo kan Ahmed Musa. Ba wanda zai raina abin da ya yi. Tun yana Kano Pillars muke kallonsa. Yana cikin waɗanda suka ɗauko kofi a 2013. Ya ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018. Masu cewa ya kamata a ba shi ko minti goma a wasan Gini Bisau suna da hujja, da yawansu kuma tun a lokacin suka faɗa. Inda maganar ta karkace shi ne da aka fara cewa don ɗan Arewa ne aka ajiye shi. To Zaidu Sanusi, ɗan Jega ta jihar Kebbi, ai da shi aka fara wasan ƙarshe. Alhassan Yusuf, ɗan Kano, da shi aka fara wasan farko har ya ji rauni, kuma an sako shi a wasan ƙarshe. Da wannan magana ta fito daga bakin wani, sai wani daga ɗaya ɓangaren ya mayar da martani da abin da ya shafi ƙasa da ƙasa, da takunkumi, da wutar lantarki. Daga nan ba maganar ƙwallo ake yi ba kuma. Magana zarar bunu ce. Mu a wannan ƙungiya, da muke da kawu a Maraɗi da gwaggo a Katsina, ba mu da kuɗin biyan irin wannan magana.

Sai masu kama suna. Ku dubi Iwobi. Asalinsa ɗan wasa ne mai kai ƙwallo gaba. Wilfred Ndidi, wanda aikinsa ne tsare tsakiya, ya ji rauni tun kafin a fara gasar. Sai aka ja Iwobi baya, aka haɗa shi da Frank Onyeka, su biyu. A wasan ƙarshe su biyun nan suna fuskantar mutum uku: Kessié da Seko Fofana da Jean-Michaël Seri. Duk wanda ya taɓa sauke tirela ya san in an ba mutum biyu aikin mutum uku, to kafin la'asar ƙafa za ta yi nauyi. Amma da aka tashi wasa, shi aka yi wa rubdugu da zagi ta wayoyi, har ya goge hotunansa na Instagram. Wa ya fito ya ce a daina? Ahmed Musa, mutumin da aka ajiye a benci wasa bakwai, wanda da yana so da ya yi shiru ya bar magoya bayansa su rama masa. Masu zagi da sunan kishin Musa, ga abin da Musan ya yi da kansa.

Yanzu mu leƙa ɗaya ɓangaren, domin 'yan'uwanmu masu kai albasa Abijan su dawo da goro, waɗanda suka goyi bayan Giwaye a daren, su ma suna da abin tunawa. Kwanaki ashirin kafin su ɗaga kofi, Ikwatoriyal Gini ta ci su huɗu ba ko ɗaya a gaban jama'arsu. Aka kori koci Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa. Ba don Maroko ta doke Zambiya ba, da a zagayen farko suka fita. Aka miƙa wa mataimakinsa Emerse Faé. Wasansa na farko, da Senegal mai riƙe da kofi, sai ya ajiye Kessié a benci. Ku yi tunanin abin da za a ce da shi da an ci su. Sai ga shi ya sako Kessié daga baya, ya farke da fenareti, ya kuma buga na ƙarshe da ya fitar da Senegal. Zaɓi ɗaya ne, da ya faɗi a kira shi hauka, da ya ci aka kira shi basira. Haller kuwa da ya ci ƙwallon kofi, a watan Yuli 2022 aka gano yana da cutar daji, ya sha magani da tiyata, ya dawo fili a farkon 2023, kuma da rauni a ƙafa ya shigo wannan gasa. Mai hankali zai iya cewa a bar shi a gida, ba wanda zai zarge shi a lokacin.

Haka aka yi da Stanley Nwabali. Da aka ce shi zai tsare gida maimakon Francis Uzoho, da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, domin a Chippa United ta Afirka ta Kudu yake, ba a Turai ba. Shi ne ya tare fenareti biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Manyanmu kuma za su tuna 2013, lokacin da marigayi Stephen Keshi ya bar Peter Odemwingie da Obafemi Martins a gida ya ɗauki 'yan wasa shida masu bugawa a cikin ƙasa. An faɗa masa magana iri-iri. Ɗaya daga cikin shidan, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddebuwa, shi kuma ya ci wadda aka ɗauki kofi da ita a kan Burkina Faso. Da ƙwallon Mba ta daki turke ta dawo, da wane suna za a kira Keshi a gidajen kallo?

Abin da muke so a riƙe shi ne wannan: ana auna zaɓi ne da abin da aka sani lokacin da aka yi shi. Koci yana rubuta sunaye goma sha ɗaya kafin a busa, bai san ƙarshe ba. Mu muna yanke masa hukunci bayan mun ga ƙarshe. Ku da kuke sayen wake a kaka ku ajiye, ba ku san farashin bazara ba, kun fi kowa sanin bambancin wuraren nan biyu.

Akwai dai kuskuren da ba shi da uzuri, kuma 'yan'uwanmu magoya bayan Mena sun fi mu iya ba da labarinsa. A wasannin neman shiga kofin Afirka na 2012, Nijar na rukuni ɗaya da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Mena ta cinye wasanninta uku na gida a Yamai, har da Masar mai riƙe da kofi. Ranar ƙarshe, a watan Oktoba 2011, Masar ta ci Nijar uku ba ko ɗaya. Afirka ta Kudu na can tana canjaras da Saliyo, da labari ya iso sai kocinsu Pitso Mosimane ya ga ai kunnen doki ya ishe su, tunda sun fi kowa a bambancin ƙwallaye. Aka tashi babu ci, 'yan wasa suka yi ta rawa a fili. Ashe dokar gasar ta ce in ƙasashe suka yi maki ɗaya, sakamakon wasannin da suka buga tsakaninsu ake fara dubawa. Su uku kowa maki tara, amma a tsakaninsu Nijar na da shida, sauran biyar-biyar. Haka Mena, ƙarƙashin koci Harouna Doula, ta je kofin Afirka karo na farko, a shekarar da Najeriya ba ta je ba. Wannan ba sa'a ba ce ta kuɓuce wa Afirka ta Kudu. Dokar tana rubuce tun kafin a fara, ba a karanta ba ne. In za a zargi koci, irin wannan ne wurin zargi.

To me ya kawo duk wannan cikin taronmu? Ku ba mu izini mu buɗe littafin ƙungiya. A makonnin farko na rufe iyaka an yi zama a kan kayan gwarin da suka maƙale: a karya farashi a sayar nan kusa, ko a jira buɗewa. Aka wakilta ɗaya daga cikinmu ya je ya jiwo yadda ake ciki. Ya kashe kuɗin motarsa, ya dawo ya faɗi abin da ya ji, cewa ana sa ran sulhu. Ba shi kaɗai ke sa wannan rai ba, domin a watan Agustan nan tawagar malamai daga Najeriya ta je Yamai, kowa na sauraron rediyo. Aka ɗaga hannu, masu cewa a jira suka yi rinjaye mai yawa. Wasu dattawa kaɗan suka ce a sayar, suka tuna mana rufewar Agusta 2019 da ta kai har Disamba 2020. Sunayensu na nan a rubuce, Allah ya ƙara musu basira. Iyaka ba ta buɗe ba, kaya suka lalace. Yau in ka zauna a tasha, sai ka rantse kowa yana cikin masu cewa a sayar. Shi kuwa wanda aka aika, shi ake nunawa da baki in ya wuce. Ya daina zuwa taro, yau ma kujerarsa babu kowa. An mayar da shi Iwobin ƙungiya, har yanzu kuma ba a samu wanda ya yi masa abin da Musa ya yi ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wannan ɗabi'a tana da tsada. Wata mai zuwa za a sake zaɓen wakilan rassa da masu rakiyar kaya. Mun fara tuntuɓar mutane, kuma amsar da muke samu daga waɗanda suka fi cancanta ita ce a nemi wani, ba za su zama abin nuni ba. In masu iyawa suka ƙi shiga fili don tsoron bakin 'yan kallo, waɗanda za su rage mana su ne waɗanda ba su damu da abin da za a ce ba, saboda ba su damu da kayan ba.

Saboda haka ofishin magatakarda, da amincewar dattawa, yana gabatar wa wannan taro abubuwa biyar.

Na ɗaya, duk shawarar da ta shafi kayan jama'a za a rubuta ta tare da dalilinta da yawan hannun da aka ɗaga, a karanta wa kowa kafin a tashi. Mai ja ya ja a lokacin, za mu rubuta sunansa da hujjarsa, kuma ba za a ɗauke shi mai kawo rabuwar kai ba. Wanda ya yi shiru ranar zama, to ya riƙe "ai na faɗa" ɗinsa a aljihu.

Na biyu, wanda ƙungiya ta aika, ƙungiya ce ta je. In ya ci amana ko ya ɓoye labari, akwai kwamitin ladabtarwa, a kai shi da shaida. In kuwa ya faɗi abin da ya gani tsakani da Allah, abin ya zo ba yadda ake so ba, asarar ta kowa ce. Muna roƙon dattawa uku, daga ɓangarorin biyu, su taka har gidan ɗan'uwanmu kafin ranar zaɓe. Zumunta a ƙafa take.

Na uku, a zaɓen da ke tafe a duba aikin mutum, kada a duba garinsu ko launin katin shaidarsa. Akwai samari a cikinmu da suka iya lissafin sefa da naira a ka, suna jin Faransanci da Turanci, suna iya tsayawa gaban kwastan ko duwan su yi bayani ba rawar murya. Ba a san sunansu ba, kamar yadda ba a san Nwabali ba. A gwada su. Iyayenmu da suka daɗe suna wannan wahala kuma, in lokacin hutawa ya zo, a zaunar da su da girmansu, a riƙa neman shawararsu, kada su ji labarin sauyin a bakin tasha.

Na huɗu, kowane reshe ya ware mutum ɗaya da aikinsa shi ne bin sanarwar hukuma a kan takardun fito da kuɗin shiga da kayan da aka hana, ya kawo mana a rubuce. Yarjejeniyar ECOWAS ta ce ficewar ƙasa tana tabbata ne shekara guda bayan ta ba da sanarwa. Wato takardun da muka saba tafiya da su suna iya sauyawa. Kada mu yi rawa a fili irin ta Afirka ta Kudu, mu je bakin shinge a ce mana wata doka ce ke aiki.

Na biyar, zauren kallo na ƙungiya zai ci gaba da buɗewa, domin ya yi mana rana lokacin da babu abin yi sai zaman jira. A yi gardama son rai, a ce koci bai iya ba, a ce ɗan wasa ya yi sanyi, a yi wa juna tsiya in an ci ƙungiyar wani. Abu uku ne ba za su shiga ba: zagin iyaye, gorin ƙasa ko ƙabila, da caca a kan sakamako. Wanda ya karya, shugaban zaure zai yi masa magana sau ɗaya, in ya sake sai batun ya zo teburinmu. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma a baki ɗaya suke kwana.

Peseiro ya bar aikin Najeriya tun da kwantiraginsa ya ƙare, makonni kaɗan bayan gasar. 'Yan wasan sun koma ƙungiyoyinsu a Italiya da Ingila da Faransa suna karɓar albashinsu. Mu ne za mu haɗu da juna gobe da asuba a bakin shinge, mu ne za mu ranta wa juna kuɗin fito in na wani bai cika ba, mu ne za mu tsaya wa juna in mota ta lalace a daji tsakanin gari da gari. Ga abubuwa biyar ɗin a gabanku. Bayan addu'a shugaba zai nemi a ɗaga hannu a kan kowanne, mu kuma za mu ƙirga mu rubuta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya bar mana iyaka a buɗe, ya sa albarka a kasuwa.